Tarin yarinya da tarin yashi: abin da ya faru a gidan Yaya

Gidan da sana'ar

Ƙauyenmu yana yankin Auyo ne a Jigawa, cikin kwarin Haɗejiya inda shinkafa ita ce komai, damina a noma rani ma a noma. Ni malamin kimiyya ne a ƙaramar sakandare. Yayata tana aure a nan cikin gari, sana'arta gumi, ta sayi shanshera ta jiƙa ta kwana, ta turara a durom, ta shanya a kai inji, da wannan take riƙe da kusan rabin hidimar gidan. In aiki ya kankama durom biyu take ɗorawa. Murhun irin na duwatsu uku ne, yana kusurwar arewa maso gabas ta tsakar gida, nan ake gumin nan ake girki, kuma taku bakwai ne daga nan zuwa ƙofar ɗakin da take kwana da yara, na ƙirga da ƙafata. Abin hurawa kuwa duk wanda ya samu, kara, ɓuntu, ice ko da ɗanye ne, sannan a tada wutar da leda ko guntun tsohon silifa tunda kalanzir ya fi ƙarfin talaka.

Yarinyar da ake magana a kanta ita ce ta uku a ɗakin, shekararta 9 a lokacin. Ita ce mai iza wuta in ta dawo daga makarantar allo.

Nuwamba zuwa Disamba 2023: ai hunturu ne

Tarin ya fara ne bayan an gama yankan shinkafar damina. Busasshe ne, ba majina ba zazzaɓi, da rana sai ka ganta garau tana wasa, dare na yi sai ƙirjin ya fara wani irin fito kamar an toshe sarewa. Kowa ya ce hunturu ne, har ni, don a daidai lokacin hazo ya sauko, kuma ina koya wa ɗalibaina cewa yawancin ƙurar nan daga kwarin Bodele take tasowa a ƙasar Cadi, busasshen gindin tsohon tafki, iskar arewa maso gabas ta kwaso ta ta sauke mana. To wa zai yi musu?

Aka sayo maganin tari na ruwa a kemis, kwalba biyu ta sha, ba canji. Inna ta haɗa zuma da citta da kanumfari. Aka sa mata takunkumi in za ta makaranta. Sai babban matakin da aka ɗauka, aka toshe tagar ɗakin da tsumma da kwali don kar ƙura ta shiga, ana saka labule mai kauri a ƙofa, da dare kuma a shigo da kaskon garwashi don kar sanyi ya kama mata ƙirji, wani lokaci a ɗan zuba turaren wuta, a kunna kwayil saboda sauron fadama ba ya sanin hunturu. Duk wannan da kyakkyawar niyya aka yi. Cikin Disamba abin ya ƙaru.

Yaya ba ta yi boko ba amma Allah Ya ba ta lura. Duk daren da yarinyar ta tashi tana kokawa da numfashi, da safe sai ta ja layi ɗaya da gawayi a bango bayan ƙofa. Ba wanda ya ce ta yi. Wannan bangon daga baya shi ya zama littafinmu.

Janairu 2024: asibiti da na'urar Auta

Wani dare a satin farko numfashin ya sarƙe sosai, leɓenta har ya canza, mijin Yaya ya goya su a babur zuwa babban asibiti. Aka ce asma ce, aka ba ta inhela, aka nuna wa Yaya yadda ake shaƙa mata, aka ce a nisanta ta da ƙura da hayaƙi. Mu duk kalmar ƙura muka riƙe, hayaƙin ya wuce ta bayan kunnenmu, don a wajenmu hayaƙin murhu ba abin lissafawa ba ne, da shi muka tashi.

Autanmu yana ajin ƙarshe a jami'a yana karanta fiziks, ya zo gida da wata 'yar na'ura da ya aro don furojet ɗinsa, girmanta bai wuce sabulun wanki ba. Ciki akwai ƙaramar fanka da take zuƙo iska, da hasken lesa, duk ƙwayar da ta gitta ta gaban hasken sai ta watsa shi, na'urar ta ƙiyasta yawansu. Abin da take nunawa shi ake kira PM2.5, wato ƙwayoyin da faɗinsu bai wuce mikromita 2.5 ba. Kaurin gashin kai ɗaya yana kai mikromita 50 zuwa 70, kun ga ke nan waɗannan hanci ba ya iya tace su, har can ƙasan huhu suke sauka. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021 ya ce kar matsakaicin awa 24 ya wuce mikrogiram 15 a kowace kubik mita ta iska, na shekara kuma kar ya wuce 5.

Muka ɗaure ta a saman zaure, muka haɗa ta da ƙaramin fanel na sola da batir, tana rubuta awo a katin memori. Kullum Auta ya fitar da lamba ɗaya, matsakaicin yini. Sati uku muna yi. Kowace rana ta haura 15, ranar da hazo ya yi kauri har ba ka hango bishiyar bakin gari ta ninka sau da yawa. Sai muka ɗauki takardarmu muka je bayan ƙofar Yaya muka jera da layukan gawayi, layi 11 ta ja a watan. Ba su zo ɗaya ba. Akwai ranar da gari ya yi fari fat yarinya ta yi barcinta lafiya, akwai ranar da sama ta washe ita kuma ta kwana a zaune.

Auta ya ƙara da cewa irin waɗannan ƙananan na'urori ba su da ƙwarewa wajen ganin manyan ƙwayoyin ƙura, sun fi ganin na hayaƙi, kuma in iska ta yi laima sukan ƙara lamba. Wato mun sa ta aikin da ba shi ta fi iyawa ba, a wurin da yarinyar ba ta kwana.

Fabrairu 2024: gurbin dara

Wata la'asar muna zaune a gindin rumfa Auta yana min bayanin furojet ɗin nasa, ya ce a kan tarin yashi ne. Inna tana gefe tana tsinke zogale ta ɗago da sauri ta ce, "Wane irin tari ne kuma na yashi, shi ne a jikin yarinyar nan?" Ya ce, "A'a Inna, tari na tarawa, tsibi." Sai ya sauko ƙasa ya tona gurabe a jere irin na dara, ya sa yara suka kwaso tsakuwa.

Dokar wasan guda ce. Ana jefa tsakuwa ɗaya-ɗaya a kowane gurbi aka ga dama. Duk gurbin da ya tara huɗu sai ya rushe, ya ba maƙwabtansa huɗu ɗaya-ɗaya, gabas yamma kudu arewa, wadda ta faɗa waje ta tafi ke nan. In wanda aka ba shi ma ya cika huɗu shi ma ya rushe. Da farko ba abin da yake faruwa, ana ta jefawa shiru. Da guraben suka ƙoshi sai abin ya fara, wata tsakuwar ta rushe gurbi ɗaya, wata biyu, can sai wata guda ɗaya tak, irin sauran, ta tada rushewar da ta ratsa filin gaba ɗaya har yaran suka rikice da rabo suna ihu. Yarinyar ita ta jefa wannan, ta tsaya riƙe da baki.

Ya ce masana uku ne suka fito da wannan a 1987 a wata cibiyar bincike ta Brookhaven a Amurka, Per Bak ɗan ƙasar Denmak da Chao Tang da Kurt Wiesenfeld. Abin da suka nuna shi ne tsibin da kansa yake kai kansa gaɓar da kullum yana daf da rushewa, ƙananan rushewa ba adadi, matsakaita kaɗan, manya jefi-jefi, kuma ba wani girma da za ka ce shi ne na kullum. Abin da ya fi burge ni, da aka gwada da yashi na gaske bai bi lissafin sosai ba, sai a 1996 wasu masana a Oslo ta ƙasar Norwe suka gwada da shinkafa tsakanin gilasai biyu, doguwar ƙwaya ta bi tsarin, mai kusan zagaye ba ta bi ba. Yaya ta ce ai wannan ita ta sani, in tana tara shinkafa a kan tabarma akwai mai tsayawa ta yi tsini sannan ta zubo lokaci guda, akwai mai gangarawa tun farko.

Shi Auta burinsa ya nuna gurɓatar iskar ƙauyenmu ma haka take. Don ya gwada dole ya daina matsakaicin yini, ya koma duba awon minti-minti yana ƙirga kowane tashi da girmansa. Ni kuma na ce tunda haka ne a sauko da na'urar daga zaure, a rataye ta a ɗakin Yaya daidai tsayin katifar yaran.

Kwana goma aka yi. Da rana tsaka lambar tana ƙasa, kusan ɗaya da ta waje. Bayan asuba in aka tada wuta da leda sai ta yi sama ta wuce 500 cikin 'yan mintuna. Da la'asar zuwa magariba in durom yana kan wuta ta sake hawa. Da dare in an shigo da kasko an saki labule, takan kai 999, iyakar abin da fuskarta take iya nunawa, kuma saboda an toshe taga sai ta ƙi sauka, har ƙarfe biyu na dare tana ɗaruruwa. Daren da aka haɗa gumi da kasko da kwayil su ne daren layin gawayi, kusan duka.

Auta ya yi shiru ranar, don tashin nan yana da agogo, asuba, la'asar, bayan lisha. Abin da yake da agogo ba tarin yashi ba ne.

Nan take muka cire tsumman taga, aka daina kasko, aka sayo bargo biyu da gidan sauro. Na gaya wa Yaya garwashi a rufaffen ɗaki yana fitar da wata iska mai guba marar wari wadda ita wannan na'urar ma ba ta gani, kuma tana kisa cikin barci. Layukan suka ragu amma ba su ƙare ba.

Azumi, 11 ga Maris zuwa 9 ga Afrilu 2024

Hunturu ya wuce, zafi ya shigo, gumi ya ja baya. In da ƙura ce kaɗai ai ya kamata a huta. Amma girkin sahur ya dawo da wuta ƙarfe uku na dare, kuma saboda zafi yara sun fito tsakar gida suna kwana, wato sun ƙara matsowa murhun. Muka fito da na'urar inda suke shimfiɗa. Babban tashi ya bar asuba ya koma ukun dare, tarin yarinyar ma ya bi shi ya koma ukun dare. Mijin Yaya da yake ta cewa boko ne kawai muke yi, a wannan watan ya daina musu, don shi yake tashi ya ga abin da idonsa.

A cikin azumin muka gwada abu biyu da ba su yi ba. Na sayo murhun ƙarfe na zamani mai rage cin ice, ya yi wa tukunyar miya daidai amma durom ba ya zama a kai, kuma dole a faskara ice ƙanana, bayan sati ya koma ƙarƙashin gado. Gas kuwa mun zauna mun buga lissafi, kuɗin da zai turara durom ɗaya ya cinye ribar buhun.

Ƙarshen Afrilu 2024: ɗauke murhu

Iskarmu hanya biyu gare ta, da rani daga arewa maso gabas, da damina daga kudu maso yamma. Murhun Yaya yana zaune a bakin hanyar ta rani, duk hayaƙin da ya tashi ƙofar ɗaki yake nufa. In aka mayar da shi kudu maso yamma damina za ta dawo da shi. Saboda haka muka zaɓi kudu maso gabas, wani ɗan fili a bayan katanga inda ake ɗaure awaki.

A nan aka ɗan ja. Mijin Yaya ya ce matarsa ba za ta yi aiki a waje masu wucewa suna kallonta ba, kuma gaskiyarsa ce. Inna ce ta raba gardamar, ta ce masa, "Kai dai ka ba da filin, sutura ai zana ce." Aka kewaye da zana shida, aka fasa ƙaramar ƙofa ta cikin gida, aka yi rumfa mai tsayi da gefenta a buɗe. Wani mai gini ya kewaye murhun da laka ya bar baki ɗaya na iza wuta da kafar fitar hayaƙi ta baya. Yaya ta ce icen da take ci ya ragu. Aka hana leda da roba kwata-kwata, ana tada wuta da busasshen kara, ana jingine ice ya bushe kafin a sa. Yarinyar kuma aka sauya mata aiki, ta bar iza wuta ta koma korar kaji a wajen shanya. Ta yi kuka ranar, ta ce min, "Kawu ni fa na iya hura wuta." Na ce na sani, huhunki ne bai iya ba.

Mayu 2024: na'ura ta ɗauke

Muna cikin auna sabon tsari sai na'urar ta fara yankewa, daga baya ta mutu gaba ɗaya. Ya zo daidai da 10 da 11 ga Mayu, lokacin da guguwar rana, wato aman wutar da rana take yi, mafi ƙarfi tun 2003 ta bugi duniya, har aka ga jan haske a sama a ƙasashen da ba su saba gani ba, manoma a Amurka kuma GPS na taraktocinsu ya rikice ana tsakar shuka. Auta ya kira ni daga makaranta muryarsa har rawa take, ya ce min yana jin guguwar ce ta taɓa mu.

Ba a banza tunaninsa ya tafi can ba. Rana tana da zagaye na kusan shekara 11, baƙin tabon da ke fuskarta ya yi yawa ya ragu, wannan zagayen na 25 ya fara a Disamba 2019 kuma a 2024 yana ƙololuwa. A 1991 wasu masana biyu, Lu da Hamilton, sun ɗauki lissafin tarin yashin nan suka ɗora a kan aman wutar rana, maganaɗisun rana yana murɗewa a hankali kamar ana jefa tsakuwa, sai ya saki lokaci guda, ƙanana kullum, manya jefi-jefi. Irin babbar ce Richard Carrington ya gani a Ingila ranar 1 ga Satumba 1859 wadda ta hargitsa wayoyin tangaraho, irinta ce kuma ta kashe wutar lardin Kwibek na Kanada na awa tara ranar 13 ga Maris 1989.

Sai dai irin wannan guguwa dogayen wayoyin lantarki da tauraron ɗan adam da siginar rediyo take kamawa. Na hau na duba. Fanel ɗin ya yi kauri da ƙura har ina rubutu da yatsa a kai, batir ya kumbura saboda mun bar shi a gindin kwano cikin zafin Afrilu da Mayu, bakin fankar kuma gizo-gizo ya yi saƙa ɓuntu ya maƙale. Muka goge, muka sake batir, muka sa shi a inuwa cikin tukunyar ƙasa, ta tashi. Wasu a majalisa da suka ji labari suka ce to guguwar ce ta kawo zafin bana, na ce musu hasken da rana take aiko mana bai fi kashi ɗaya cikin dubu yake canzawa ba a duk zagayen.

Nuwamba 2024 zuwa Janairu 2025

Wannan ne gwajin gaske, hazo ya dawo, gumi ya dawo durom biyu. Auta ya sake aro na'urar na sati biyu. A ɗakin yara lambar tana bin ta waje ne kawai, ranar hazo ta hau, ranar da gari ya washe ta sauka, ba ta ƙara kusantar 999 ba. A sabuwar rumfar gumi kuwa, daidai inda Yaya take tsayawa, har yanzu ɗaruruwa ne. Layin gawayi na Janairu 2025 guda 2 ne, duka a ranakun da hazo ya yi tsanani, kuma inhela ta kwantar da su ba a je asibiti ba.

Yadda nake ganin lamarin

Ƙurar hunturu tana da nata laifin, layi biyun nan nata ne, amma babban mai laifi yana cikin gida, kuma toshe tagar da muka yi shi ya kulle yarinya da shi har wata biyu. Wannan yana damuna har yau don ni ne mai karatun kimiyya a gidan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta hayaƙin cikin gida ya kashe mutum miliyan 3.2 a 2020, na san wannan lambar tun kafin, ban taɓa haɗa ta da murhun yayata ba.

Matsakaicin yini ya ɓatar da mu saboda yana narkar da mugun awa uku cikin awa 24. Lissafin tarin yashi bai dace da hayaƙin gidan ba, haka Auta ya rubuta a furojet ɗinsa bai ɓoye ba, kuma na ji daɗin hakan ƙwarai, amma shi ne ya sa muka koma kallon minti-minti. Maganin asibiti shi ya riƙe yarinyar duk tsawon lokacin da muke lalube, ɗauke murhu bai maye gurbinsa ba, har yanzu inhelar tana cikin jakar makarantarta. Ɗauke murhun ya yi aiki ne don bai taɓa sana'ar Yaya ba kuma bai taɓa suturarta ba, kuɗinsa zana shida ne da ladan mai gini.

Wadda ta rage ita ce Yaya da kanta, ita take tsaye a kan durom awa huɗu biyar, idonta kullum ja, kuma ta fara wani ɗan tari da safe da take cewa ba komai. Na sa ta yi min alƙawarin zuwa asibiti ranar kasuwa mai zuwa, mun kuma yi magana da mai ginin nan zai ɗaga wa murhun bututun hayaƙi ya wuce saman rumfa kafin shinkafar rani ta shigo.